Ƙaramin Injin Fatsa da Siririn Zare a Nilun Khartum

Kifin da ake saukewa da asuba a kasuwar Mawrada, can bakin kogi a Omdurman, kusan duk raga ce ke kamo shi. Masunta kan kwana a kwale-kwale, wannan ya shimfiɗa kalli, wancan ya zuba mamari mai ɗaruruwan ƙugiyoyi, kafin rana ta take tsaka an gama ciniki an watse. A cikinsu akwai Hausawa masu yawa, jikokin mahajjata da na waɗanda suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, domin sana'ar su na cikin abubuwan da aka san Bahaushe da su a Sudan. Fatsa da sanda kuwa, kafin yaƙin 2023, ta 'yan nishaɗi ce: ma'aikaci ranar Juma'a, samari da la'asar a gefen tsibirin Tuti, ko iyalin da suka ɗauki tabarma da butar shayi suka nufi madatsar Jabal Awliya. A hannun irin waɗannan ne ake ganin injin fatsa, kuma su ne tallan ƙananan injuna masu jefa siririn zare ke nema a Facebook da YouTube.

Injin fatsa iri biyu ne a hannun jama'a. Akwai wanda ke rataye a ƙarƙashin sanda, kwarkwaronsa na tsaye cak, zare na zamewa daga bakinsa idan aka yi jifa. Shi ne kowa ya sani, yaro ma kan iya shi a yini guda. Na biyu yana zaune a saman sanda, kwarkwaronsa a kwance, kuma shi kansa kwarkwaron ne ke juyawa ya saki zare. Nauyin abin da ka ɗaura a bakin zaren, kifin roba ne ko cokali mai walƙiya, shi ke jan kwarkwaron. Duk daɗin wannan injin da duk wahalarsa daga nan suka fito.

Masu gyaran agogo na cikin waɗanda suka fara ƙera shi. George Snyder na jihar Kentucky a Amurka ya yi nasa a farkon ƙarni na 19, kamfanin ABU na Suwidin ma da agogo ya soma kafin ya fito da Ambassadeur a farkon shekarun 1950. Amma waɗancan injuna don abu mai nauyi aka yi su. Jafanawa ne, musamman kamfanonin Shimano da Daiwa, suka dage sai sun rage shi har ya iya jefa abin da bai wuce giram uku zuwa bakwai ba, bayansu kuma masana'antun ƙasar Sin suka cika kasuwa da masu araha.

Wanda zai saya, kwarkwaro zai fara dubawa, tun kafin ya kalli launi ko suna. Kwarkwaro mai nauyi kamar amalanken da aka loda ne: tayar da shi aiki, tsayar da shi ma aiki. Idan abin da ka jefa giram huɗu ne, kwarkwaron kuma da zaren da ke kansa sun kai giram ashirin, jifar ba ta da ƙarfin tayar da shi da wuri, sai ta faɗi kusa da ƙafarka. In ka ƙara ƙarfi ya tashi, sai ya ƙi tsayawa: kifin robar ya rage gudu a iska, kwarkwaro na ci gaba da aman zare, nan take zaren ya cukurkuɗe a cikin injin. Wanda ya taɓa zama a bakin ruwa yana tsintar wannan sarƙaƙiya da tsinke, magariba na ƙaratowa, ya san abin da ake nufi. Shi ya sa injunan da aka yi don wannan aiki ke da kwarkwaro mara zurfi, na alminiyam mai huji-huji, faɗinsa milimita 28 zuwa 32, nauyinsa ƙasa da giram goma. Ka ce wa mai kanti ya buɗe murfin gefe ya zaro maka shi. In akwai ma'aunin masu sayar da zinari a kusa, ɗora shi a kai. Lambar da za ta fito ta fi duk abin da aka rubuta a kwali gaskiya.

Sai birki, wanda shi ma kashi biyu ne, kuma mutane kan gauraya su. Akwai birkin jifa, mai hana kwarkwaro wuce gona da iri. A tsofaffin injuna wasu 'yan ƙwayoyi ne ke bajewa su goga jikin zobe idan gudu ya yi yawa. A ƙananan injunan yau maganaɗisu ne, ba ya taɓa kwarkwaron ko kaɗan. Juyawar alminiyam kusa da shi ce ke haifar da wani ja mai ƙaruwa daidai da gudu. Ga mai siririn zare na maganaɗisu ya fi, don ana saita shi daga waje da 'yar maɓalli, kuma iskar bakin Nilu ba ta zama wuri ɗaya. Abin dubawa shi ne ko kowane taki na maɓallin na kawo bambanci. A injuna masu araha sau da yawa daga ɗaya zuwa bakwai duk ɗaya ne, sai a takwas birkin ya shaƙe jifar gaba ɗaya. Kuma ko da birkin ya kai inda ya kai, babban yatsa ne ke ƙarasa aikin: yana shafar zare a hankali tun daga sakin jifa, ya danne kwarkwaro daidai lokacin da abu ya taɓa ruwa.

Ɗaya birkin na ja ne, wanda ke sakin zare idan kifi ya fizga, don kada ya tsinke. A nan ne masu talla ke ruɗin mutane da lambobi, wai wannan na riƙe kilo takwas, wancan kilo goma. Mai zaren da ke tsinkewa a kilo uku me zai yi da kilo goma? Ƙa'idar da aka saba ita ce a saita birkin a kan kashi ɗaya cikin uku ko cikin huɗu na ƙarfin zare, wato kilo ɗaya ko ƙasa da haka. Abin nema shi ne laushi a wannan ɗan ƙaramin matsi. Gwajin ba wuya: naɗa zare, ɗaura robar ruwa mai lita ɗaya a bakinsa, ɗaga sanda sannu. Injin kirki zai bar robar ta sauka sumul. Na banza zai riƙe, ya saki, ya sake riƙewa, bakin sanda na karkarwa, kuma a irin wannan riƙewar ce zare ke tsinkewa ranar da aka dace da babban kifi. Tun kana nan a kantin, ka ɗaga injin sama ka leƙa tsakanin bakin kwarkwaro da jikinsa. Idan ratar ta isa siririn zare ya kutsa, zai kutsa, ya naɗe a kan sandar tsakiya, sai an kwance injin kafin a ciro shi.

Yawan boris da ake bugawa da manyan haruffa bai dame ni ba. Boris biyu masu kyau a gefen kwarkwaro sun fi goma sha takwas da aka cusa a mariƙi don cika lissafi. Giya ma ba abin dogon tunani ba ce: 7.1:1 na nufin juyin hannu ɗaya kwarkwaro ya zaga sau bakwai da ɗoriya, ya kwaso zare wajen santimita 70, kuma ya isa.

To, kogin fa? Nilu a Khartum ba ƙorama ba ce. A Mugran ruwa biyu ke haɗuwa, Farin Nilu mai tafiyar sanyi daga kudu da Shuɗin Nilu mai gangarowa daga tsaunukan Habasha. Daga Yuli zuwa Satumba na Habashan ke cika da laka, ya yi ƙarfin da har yakan tokare ɗan'uwansa. Kifin roba mai giram huɗu ba shi da ta cewa a wannan ruwa. Kifi ba ya ganinsa, igiyar ruwa kuma ta tafi da shi kafin ya nutse. Lokacin ƙaramin injin shi ne bayan ruwa ya janye ya washe, daga wajen Nuwamba har cikin bazara, a gefen duwatsu da bakin ciyayi, inda kawara ke yawo garke-garke, ƙananan tsage na bin su, karfasa kuma, wadda 'yan Sudan ke kira bulti, ke kiwo a gaɓa. Jefa ɗan cokali ya faɗa daidai ratar da ke tsakanin kainuwa da kara, wannan kam babu injin da ya kai shi iyawa, don yatsa na iya tsayar da jifa a tsakiyar iska.

Ƙasan madatsar Jabal Awliya kuwa wani labari ne. An gama gina ta a 1937, kilomita arba'in da wani abu kudu da Khartum, kuma tun lokacin kifi ke taruwa a bakin ƙofofinta. Nan ne ake fatan giwan ruwa, wanda suke kira ijil, kifin da babbansa kan haura kilo ɗari. Bari mu yi lissafi. Kwarkwaro mara zurfi na ɗaukar zare wajen mita 45. Ka jefa mita 25, saura 20. Kifin da ke gudun mita biyu a daƙiƙa zai kwashe su cikin daƙiƙa goma, ya bar ka da sanda a hannu, shi kuma ya tafi da ƙugiya a baki da zare yana ja a ruwa. Wanda ya nufi ijil ko babbar tarwaɗa ya nemi injin da ke cin mita ɗari biyu na zare mai kauri. Tsage ma, ko ƙarami ne, haƙoransa kan datse nailan kamar almakashi, sai an sa ɗan guntun siririn waya kafin ƙugiya, wayar kuma na rage wa ƙaramin kifin roba rawarsa. A Sabaloka, arewa da birni, duwatsu ne ke cin zare. Saƙaƙƙen zare mai ƙarfi a ja ba ya jure gogar dutse, don haka a haɗa masa mita ɗaya ko biyu na fulorokabon a gaba.

Akwai kuma ƙura. An zana waɗannan injuna ne don ƙoramu da tafkunan Japan, inda babu habub, guguwar ƙurar nan da ke rufe Khartum kafin damina har rana ta koma dare. Boris ɗin kwarkwaro ƙanana ne ƙwarai, wasu ma a buɗe suke don su yi saurin juyawa, ƙwayar rairayi ɗaya ta isa ta sa su ƙara. Zare kuma na shigo da laka cikin idon da ke kai-komo a gaban injin, ta bushe a kan dunƙulen da ke tafiyar da shi. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, kasuwannin birnin suka sha wuta da wawaso, samun ɗan boris mai milimita uku ya zama sai an yi saƙo Alƙahira ko Dubai. Injin da ba za a iya samo masa kayan gyara ba, araharsa ta wata shida ce.

A ganina, wanda ke neman na cefane ko wanda yau ya fara fatsa, ya sayi injin ƙarƙashin sanda. Da zare iri ɗaya zai jefa abu mara nauyi nesa, a kan kuɗi kaɗan, ba tare da ciwon kai ba. Ƙaramin injin sama na wanda ya riga ya iya ne, yake kuma jin daɗin saita jifa. In ka saye shi, kada ka cika kwarkwaro fiye da mita 40 zuwa 50, ka fara koyo a tsakar gida da dalma mai giram bakwai da birki a sama, kana rage shi taki-taki. Bayan kowace fita a goge shi da ɗanyen tsumma, a ɗiga mai mara kauri ɗigo ɗaya a kowane boris na kwarkwaro, giris kuwa a bar wa haƙoran giya kaɗai, a sassauta birkin ja kafin a sa shi a jaka mai zif.