Yadda Fumfuna Ke Narkar da Kayan Gwari

Tumatirin da aka sauke da ƙwarinsa a kasuwar Bakin Dogo ko ta Kawo, in ya kwana biyu cikin zafin Afrilu, sai a tarar na ƙasan kwando ya yi ruwa, ya fito da farin gashi mai ɗigon baƙi. Akan ɗora wa rana laifin. Rana tana da hannu, ƙwayoyin bakteriya ma haka, amma gashin nan fumfuna ce, kuma ita ke narkar da shi.

Naman tumatir ko na mangwaro ƙananan ƙwayoyin halitta ne jere da juna. Abin da ya riƙe su wani danƙo ne da ake kira fektin, kamar yadda siminti ke riƙe bulo. Bafaranshe Henri Braconnot ne ya raɗa masa suna a 1825.

Fumfuna ba ta da baki. A waje take narkar da abincinta, sannan ta tsotse. In ƙurarta ta faɗa kan rauni, sai ta tsiro da siraran zare, bakin kowane zare yana tsattsafar da sinadaran narkarwa, wato enzayim. Da farko kaɗan take saki. Wannan kaɗan ɗin yana gutsuro fektin, gutsattsarin su shiga jikinta, su sanar da ita cewa akwai abinci a nan. Daga nan sai ta buɗe wuta. Wani enzayim yana sassaɓe jikin sarƙar fektin, wani ya bi baya yana daddatsa ta, ƙwayoyin su rabu, ruwansu ya tsiyaye kan na kusa. In kuwa ta samu sukari a sauƙaƙe, sai ta rage yin enzayim ɗin, don ba ta ɓarnar ƙarfinta.

Tun a 1886 masanin tsirrai Anton de Bary ya nuna cewa ruwan ruɓaɓɓen kayan lambu kaɗai yana narkar da lafiyayye, amma in an tafasa shi ya daina.

Baƙar fumfunar da ke kama albasa, Aspergillus niger, ita masana'antu ke renonta da gangan. Tun shekarun 1930 da enzayim ɗinta ake tace ruwan 'ya'yan itace ya fito garau.

Rauni ne babbar ƙofar fumfuna, kuma tsinken kwando da danniyar lodi su ke buɗe ta. Mai gwari ya ware fasasshe tun wurin sauke kaya, ya ajiye sauran a inuwa mai iska, in da hali a akwatin roba.