Bawul Mai Sassauci: Daga Zugazugin Maƙeri Zuwa Bindigar Iska

Duk wanda ya taɓa zama a maƙera a Batsari ko Safana, ƙasashen bakin Dajin Rugu inda ƙira da harbi suka daɗe suna tafiya tare, ya ga yadda ɗan zuga ke sarrafa iska. Idan ya ɗaga hannu yakan buɗe bakin fatar, iska ta shiga, sa'an nan ya damƙe ya danna, sai ta bi bututu zuwa ga gawayi. Wannan buɗewa da rufewa shi ne aikin abin da makanikai da masu faci ke kira bawul. A wannan maƙala za mu duba yadda bawul ke aiki a bindigar iska, musamman irin wanda muka ga ya dace a kira bawul mai sassauci.

Bindigar da maharban wannan yanki suka sani ita ce bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Ita kuwa bindigar iska ba ta buƙatar wuta, domin iskar da aka matsa cikin tulun ƙarfe ita ke tura ƙwayar darma. Ba sabuwar dabara ba ce. Tun wajen 1779 Bartolomeo Girandoni ya ƙera irinta, sojojin Ostiriya kuma suka yi amfani da ita daga 1780 har zuwa wajen 1815, ko da yake cika tulunta kan ci bugun famfo kusan 1,500. A Nijeriya, dokar makamai ta 1959 ta sa ta cikin bindigogin da sai da lasisi ake riƙewa. Ƙananan da aka fi sani kuwa na harbin kurciya ne da gafiya, ba makamin tsaron gari ba, kuma ya kamata a faɗi haka a fili a yankin da ya sha fama da 'yan bindiga.

Matsalar bawul ɗin ita ce, iskar da yake tsarewa ita ce kuma ke danne shi. Mai karatu ya kwatanta ƙyauren da jama'a suka jingina da shi ta ciki, alhali ciki yake buɗewa. Tulun bindigogin zamani yakan ɗauki matsin da ya kai ba 200 (ba shi ne ma'aunin matsin iska), wato kusan ninki 90 na abin da ke cikin tayar mota. Idan faɗin ƙofar bawul milimita 6 ne, nauyin da ke danne ta ya kai kilo 57, ya fi buhun siminti ke nan. Saboda haka idan aka ja kunama, sai wata 'yar guduma mai sifirin ta doki ƙafar bawul da ƙarfi kafin ya buɗe. Gwargwadon girman ƙofa gwargwadon ƙarfin sifirin, sai ɗana bindigar ya zama wahala, kuma girgizar dukan ta ɓata saiti.

A nan ne hikimar sassauci ta shigo. Maimakon a ƙara wa guduma ƙarfi, sai a rage wa ƙyaure masu jingina. Akan shigar da ƙeyar bawul cikin wani ɗan ɗaki da zoben roba ya killace, inda iskar tulu ba ta kai ba. Alal misali, idan aka ɓoye faɗin milimita 4 daga ƙeyar, nauyin nan na kilo 57 zai koma kimanin 32, sai ƙaramar guduma ta wadatar.

To, amma nauyin da ya hana bawul buɗewa shi ne kuma ke taimaka masa rufewa. Idan sassauci ya yi yawa, bawul zai daɗe a buɗe bayan darma ta riga ta fice, iska ta tafi a banza da ƙara mai yawa, wani lokaci ma tulun ya juye gaba ɗaya a harbi guda. Don maganin haka ne ake huda wata siririyar kafa a cikin ƙafar bawul, wadda da zarar an buɗe take kai iska cikin ɗan ɗakin nan, ta tura bawul ya koma mazauninsa. Faɗin kafar da girman ɗakin su ne ke ƙayyade tsawon lokacin buɗewa, wanda bai wuce kashi kaɗan cikin dubu na daƙiƙa ba. A ganinmu wannan kafa ita ce zuciyar dabarar, ba zoben ba.

Har ila yau, zoben robar yana da nasa hali. Idan bindiga ta daɗe a ajiye yakan maƙale wa bangon ɗakin, sai harbin farko ya fito da rauni, na biyu kuma ya yi daidai. Ƙurar hunturu irin ta ƙasar Katsina tana ƙara cin roba, ita ma kafar ɗan datti kaɗan ya isa ya toshe ta.