Kakar da ke reno a Gumel, wa ke tallafa mata?

Tsakanin 2013 da 2019 gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyin wani shiri a Jigawa da Zamfara, wanda ƙungiyoyin Save the Children da Action Against Hunger suka gudanar. Gagarawa na cikin ƙananan hukumomin Jigawa uku da aka zaɓa, tare da Buji da Kiri Kasamma. Tun mace tana da juna biyu ake ba ta Naira 3,500 duk wata, daga baya aka mai da shi 4,000, har yaron ya cika shekara biyu. Masanan da suka bi diddigin shirin sun gano cewa tsumburewar yara ta ragu da kashi 8 cikin ɗari, matan kuma suka sami jarin sana'a. Kuɗi kaɗan a hannun mai riƙon yaro yana aiki, Gagarawa shaida ce.

Abin takaici, baitulmalin da ya biya waɗannan kuɗi ya rufe ƙofa ga 'yar Jigawar da ke aikin jinya ko karatu a Ingila. A can gwamnati na ƙara fam 2 kan kowane fam 8 da iyaye suka ware wa gidan reno, har fam 2,000 a shekara, kuma daga Satumba 2025 iyaye ma'aikata na samun renon awa 30 kyauta a mako tun jariri na da wata tara. Amma wanda bizarsa ta hana shi cin tallafin gwamnati ba ya ciki, ko da yake yana cin moriyar awa 15 da ake bai wa kowane ɗan shekara uku zuwa huɗu. A Janairu 2024 aka hana yawancin ɗalibai tafiya da iyali, a Maris aka hana masu aikin kula da tsofaffi. Sai yaro ya zauna hannun kaka ko gwaggo a Gumel ko Sule Tankarkar, kamar yadda 'ya'yan masu aikatau a Jidda suka daɗe suna zama. Mutanen Maigatari, da danginsu ke warwatse har Damagaram, sun san wannan riƙo tun kafin a san biza.

Za a ce wanda ke waje ai yana aiko kuɗi, don haka talakan gida ya fi cancanta. Akwai gaskiya a nan, kuma idan kuɗin bai isa kowa ba, da marayu ya kamata a fara. Sai dai aike ba albashi ba ne. Mai aikatau da ba ta da igama, wato takardar izinin zama, tana iya yin watanni ba ta turo ko sisi ba, ɗalibi kuwa haya ce ke cinye shi, alhali kunun yaro da maganin zazzaɓi ba sa jira. Za a kuma ce baƙo da kansa ya amince da sharaɗin biza. Haka ne, amma yana biyan harajin da ake renon 'ya'yan maƙwabtansa da shi.

Dokar Landan ta fi ƙarfinmu, ta Dutse ba ta fi ba. Duk tallafin da Jigawa za ta tsara wa ƙananan yara ya kamata ya yi rajistar wadda yaron ke hannunta, ko da ba ita ta haife shi ba, a sa masu unguwanni da ma'aikatan asibitin ƙauye su tabbatar da ita. 'Yan jihar mazauna waje su suka fi dacewa su kai wannan buƙata gaban majalisar dokoki.