Gyaran Fikafikan Fankar Injin Shinkafa

Kowa ya zaga wajen masu injin casar shinkafa a Jalingo ya ga fankar da ke hure ɓuntu ta bar tsaba. Aikin da mata ke yi da faifai shi take yi, sai dai ita ba ta jiran iskar Allah. Cikin gidanta akwai wani faranti mai fikafikai, shi ke juyawa ya debo iska ta tsakiya ya watsa ta waje. Ina so in yi wa 'yan'uwana bayanin abin da ke faruwa in an taɓa farantin nan, gama akwai lissafi mai kyau a ciki wanda za mu iya koya wa yara.

Mai inji ya kan ga iska ta yi kaɗan, ɓuntu na bin shinkafa. Sai ya ce wa mai walda a ƙara tsawon fikafikai, ko kuwa a sa fanka ta ƙara gudu. To, ga inda gizo ke saƙa. In gudu ya ninka biyu, iska ta ninka biyu, amma ƙarfin da inji zai bayar sai ya ninka takwas, watau 2 sau 2 sau 2. Ko kwata aka ƙara, 5/4 sau uku ya ba mu 125/64, kusan ninki biyu ke nan. Saboda haka ne inji ke zafi, waya ta ƙone, mai shi kuwa ya ɗora wa wutar lantarki laifi. Ƙara tsawo ma haka yake cin ƙarfi. A ganina ragewa ta fi sauƙin haɗari, in iska ce ta yi yawa har tana kwashe tsaba.

Sa'an nan sai maganar nauyi. Yawancin injunan lantarkin nan su kan juya wajen sau 1,450 a minti guda, watau sau 24 a daƙiƙa. In fiffike ɗaya ya fi sauran nauyi ko da kaɗan ne, fanka ta dinga kakkarwa har boris ya mutu, wata rana fiffiken ya ɓalle, alhali ga mutane tsaye. Gwajin ba wuya. A ɗora sandar farantin bisa ƙarafa biyu masu kaifi da ke kwance daidai, a sake shi. Gefen da ya fi nauyi zai gangara ƙasa. A shaida shi da alli, a goge kaɗan, a sake gwadawa, har faranti ya tsaya duk inda aka bar shi.

Waɗansu fankokin an yi su da ƙarfen da ba ya tsatsa, irin wanda Harry Brearley ya haɗa a Shafil ta Ingila cikin 1913. Shi wannan ba ya saurin watsa zafi, don haka ya kan lanƙwashe wajen walda. Sai a riƙa ɗiga masa kaɗan kaɗan, nan da can, ana bari yana hucewa. Kuma da sandar walda irin tasa za a yi, in ba haka ba ɗinkin ne zai fara tsatsa da damina ta faɗi.