Gyaran Farce: Abin Da Mai Shirin Jarrabawa Ya Kamata Ya Sani

Duk wanda ya zauna a Tunga, cikin garin Minna, ya san ƙarar almakashin masu yankan farce da ke zagayawa daga bakin kasuwa zuwa ƙofar shaguna. Haka kuma akwai ɗakunan kwalliya inda mata ke zuwa gyaran akaifa da ƙunshi. A da ana koyon wannan sana'a da ido ne kawai, amma yanzu ta shiga aji. Hukumar NABTEB, wadda aka kafa a 1992, tana jarraba ɗalibai a fannin gyaran jiki da kwalliya. Haka ita ma NECO, wadda aka kafa a 1999, hedkwatarta kuma tana nan Minna. Wannan ƙasida ta tattaro tushen ilmin da ɗalibi ke bukata, wanda kuma zai amfani mai sana'a ko da ba shi da niyyar zama jarrabawa.

Sassan farce da sunayensu

An yi farce ne da wani sinadari mai tauri da ake kira keratin, watau irin wanda aka yi gashi da ƙaho da kofato da shi. Faifan farce, wanda ido ke gani, ba shi da rai, shi ya sa yankansa ba ya zafi. A ƙarƙashinsa akwai shimfiɗar farce, nama ne mai jijiyoyin jini, shi ke ba farce launin ja-ja. Can gindi, ƙarƙashin fata, akwai saiwar farce, wadda littattafan jarrabawa ke kira matiris. Daga nan farce ke tsirowa, in kuwa ta ji mummunan rauni, farce yana iya fitowa a karkace har abada. Farin nan mai siffar jinjirin wata, wanda ya fi fitowa a babban yatsa, sunansa lunula, kuma gefen saiwar ne da ya leƙo. Sai siririyar fatar da ta manne a gindin faifan, watau kutikul, wadda ke toshe hanyar ƙwayoyin cuta. Na ƙarshe shi ne bakin farce, wanda ya zarce yatsa. Shi kaɗai ne rabon almakashi.

Yadda farce ke girma

Farcen hannu yana ƙaruwa da misalin milimita 3 a wata, na ƙafa kuwa wajen rabin haka. Saboda haka farcen hannu da ya cire yana ɗaukar kamar wata 6 kafin ya koma, na ƙafa kuwa wata 12 zuwa 18. Matan da ke ƙunshi sun daɗe da ganin wannan. Lalle yana kama keratin ne, ba ya wankuwa daga farce. Bayan 'yan makonni sai a ga fari ya ɓullo daga gindi, jan yana matsawa gaba. Wannan shaida ce cewa farce daga saiwa yake tsirowa, ba daga baki ba.

Cututtukan da ya kamata a gane

Aikin mai gyaran farce bai haɗa da magani ba, amma wajibi ne ya san inda zai dakata. Idan gefen farce ya kumbura, ya yi ja, yana tara mugunya, ƙwayoyin cuta ne suka shiga, galibi ta wurin da aka yanke kutikul. Idan farce ya yi kauri, ya koma rawaya, yana marmashewa, sau da yawa cuta ce dangin makero, kuma tana bin kayan aiki. Farcen da ya lotsa kamar cokali yana iya nuna ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini. Duk waɗannan asibiti za a tura su. Mai ciwon sukari kuwa sai an yi hattara ƙwarai da ƙafarsa, domin ɗan ƙwarzane yana iya zama gyambo. Farcen ƙafa a miƙe ake yanke shi, ba a sassaƙe kusurwoyi, don kada ya nutse cikin nama.

Tsabtar kayan aiki

Nan ne babban haɗari yake. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana bin jini, kuma tana iya rayuwa a jikin ƙarfe har kwana 7 ko fiye, ko da jinin ya bushe ido ba ya ganinsa. Ruwan sabulun da ake yawo da shi a kwalba yana cire dauɗa, amma ba ya kashe ta. Sai a fara wanke almakashi da sabulu da buroshi, sa'an nan a tafasa shi minti 20, ko a jiƙa shi minti 10 cikin ruwan bilic. Bilic mai ƙarfin kashi 3.5 cikin ɗari, ana zuba awo 1 cikin awo 6 na ruwa, a sabunta haɗin kullum, a ɗauraye ƙarfen a shanya don kada ya yi tsatsa. Reza ɗaya ta mutum ɗaya ce. Tun 2004 allurar rigakafin wannan ciwo ta shiga jerin alluran yara a Nijeriya, don haka manya da yawa ba su samu ba. Ya kamata mai sana'a ya je a gwada jininsa, a yi masa.

Har wa yau, asiton da ake goge jan farce da shi yana kama wuta nan da nan. A nisanta shi da risho da taba, a yi aiki da shi inda iska ke shiga.

Kira ga jama'a

Ana roƙon ɗalibai su dubi yatsunsu suna kiran sunan kowane sashe har ya zauna musu. Masu zuwa yankan farce kuma kada su ji nauyin tambayar yadda aka tsabtace almakashi, ko su tafi da nasu. Rigakafi ya fi magani.