Idan Waya Ta Ce Akwai Cuta: Wane Gargaɗi Ne Na Gaskiya?

Ga iyalai da yawa a nan sansani, waya ita ce akwatin ajiya. A cikinta hoton katin rajista yake, da takardun haihuwar yara, da lambobin 'yan uwan da aka rabu da su, da ɗan kuɗin da ake turowa. Shi ya sa hankali ke tashi idan allo ya koma ja ya hana buɗe wani shafi, ko saƙo ya fito yana cewa cuta ta shiga waya. Ana yawan kawo mana tambaya a kan wannan a ofishin kariya, don haka muka ga ya dace mu yi bayani.

Gargaɗin iri uku ne. Akwai na gaskiya, akwai wanda aka yi bisa kuskure, akwai kuma na 'yan damfara. Wanda ya iya bambanta su ya tsare kuɗinsa da takardunsa.

Mai gadin da ke cikin waya

Abin da ake kira cutar waya ko ta kwamfuta manhaja ce da wani ya ƙirƙira don ta yi ɓarna a ɓoye. Wata tana karanta saƙonni, wata tana satar lambar sirri, wata tana cinye kati da data ba da sanin mai waya ba. Manhajar riga-kafi ita ce mai gadin da ke tare su.

Yawancin wayoyin Android, irin su Tecno da itel da Infinix, suna zuwa da nasu mai gadin. Sunansa Play Protect, kamfanin Google ya fito da shi a 2017, yana duba manhajojin da aka sa a waya. Akwai kuma wani tsari mai suna Safe Browsing da ke aiki a cikin Chrome da Firefox da Safari. Shi ne ke fito da jan allo kafin a shiga shafin da ake zargi. Dukansu kyauta ne.

Mai gadin nan yana aiki ta hanya biyu. Yana riƙe da jerin cututtuka da miyagun shafukan da aka riga aka sani, kamar ɗan sintirin da aka ba hotunan ɓarayi. Sannan yana lura da take-taken baƙo. Idan manhajar tocila ta nemi izinin karanta saƙonni da lambobin mutane, abin zargi ne, domin haska hanya ba ya bukatar haka.

Gargaɗi na gaskiya

Mafi yawan lokuta, idan jan allo ya tare ku, akwai dalili. Shafin yana iya zama na bogi da aka yi masa kama da Facebook ko banki don ku rubuta lambar sirri. Irin waɗannan adireshi sukan zo ta WhatsApp da alƙawarin data kyauta, ko tallafin kuɗi, ko fom na tafiya Kanada ko Amurka. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Muna ƙara tunatar da ku cewa duk ayyukan hukumar HCR kyauta ne, har da rajista da batun sake tsugunarwa a wata ƙasa. Duk shafin da ya nemi kuɗi da sunanta na damfara ne.

Wani lokaci shafin na mutanen kirki ne, amma masu kutse sun shiga sun dasa cuta masu shi ba su sani ba. Ko kun saba shiga jiya, yau ku dakata.

Haka nan Play Protect yakan yi ƙorafi kan manhajar da aka turo ta Xender ko Bluetooth, ko wadda aka sa a shagon caji. Babban misali shi ne GB WhatsApp da ire-irensa. Ba kamfanin WhatsApp ne ya yi su ba, kuma kamfanin kan rufe lambar mai amfani da su. Ga wanda iyalinsa ke warwatse, rasa lambar nan ba ƙaramar asara ba ce.

Lokacin da mai gadi ya yi kuskure

Mai gadin da ke hukunci da kamanni dole wata rana ya tare mutumin kirki. Sabuwar manhaja da ba a san ta ba, ko shafin da ke zaune a ma'ajiya ɗaya da wani mugun shafi, duk suna iya shiga zargi ba da laifinsu ba.

Wannan ya faru ga manyan kamfanoni ma. Ranar 31 ga Janairu, 2009, Google ya yi kusan minti 40 yana nuna cewa kowane shafi a intanet yana da haɗari, saboda an shigar da wata 'yar alama guda cikin jerin miyagun shafuka bisa kuskure. A watan Afrilu na 2010, manhajar riga-kafi ta McAfee ta ɗauki wani muhimmin ɓangare na Windows XP a matsayin cuta. Kwamfutoci masu ɗimbin yawa suka dinga mutuwa suna tashi, har wasu asibitoci a Amurka suka ɗage tiyatar da ba ta gaggawa ba. A watan Oktoba na 2023 kuma, wasu wayoyin Huawei da Honor da Vivo sun nuna manhajar Google kanta a matsayin cuta.

Akwai wani gargaɗi da ya fi shafar mu a nan, inda waya kan kwana biyu ba caji ko a cire mata batir. Idan kwanan wata ya rikice, Chrome yakan ƙi buɗe shafuka, ya ce hanyar ba ta da tsaro ko agogo yana baya. Dalili shi ne kowane amintaccen shafi yana da takardar shaida mai wa'adi, kuma da agogon waya ake auna wa'adin. Ku shiga saiti ku gyara rana da lokaci, sau da yawa matsalar ta ƙare.

Amma fa mai waya ba zai iya gane kuskure da ido ba. Saboda haka kada ku tsallake jan allo, kada kuma ku kashe Play Protect don wani ya ce ba komai. Kuskuren mai gadi yakan gyaru bayan an kai rahoto an sabunta jerin. Kuɗin da aka kwashe kuwa da wuya ya dawo.

Ɓarawo cikin rigar mai gadi

Wannan shi ne mafi haɗari. Kuna kallon bidiyo ko neman waƙa, sai allo ya cika da saƙo cewa an gano cututtuka a wayarku, batir zai lalace, hotuna za su goge. Wayar tana iya girgiza, ga agogo yana ƙirga daƙiƙu. Har sunan wayar yakan faɗa, abin da ke sa mutane su yarda.

Talla ce kawai. Shafin intanet ba ya iya bincika abin da ke cikin wayarku. Sunan wayar kuwa manhajar shiga intanet ce ke sanar da shafi. Manufarsu ku tsorata ku latsa, ku sauke cutar da hannunku, ko ku shiga wani tsari da zai riƙa cire muku kati kullum.

Ga ma'auni mai sauƙi. Mai gadi na gaskiya tsayar da ku yake yi ya ce ku koma baya. Ba ya gaggauta ku. Na ƙarya shi ne mai cewa ku yi sauri: ku latsa nan, ku biya, ku kira wannan lamba, ku rubuta lambar sirri.

Abin da za ku yi

Idan jan allo ya fito, ku koma baya. Kada ku tura adireshin ga wasu, ku kuma sanar da wanda ya turo muku.

Idan saƙon tsoratarwa ne, kada ku taɓa komai a cikinsa, ko da alamar rufewa ce. Ku rufe shafin ko manhajar gaba ɗaya. In saƙonnin suka ci gaba da zuwa a saman allo, ana iya tsayar da su a sashen sanarwa na saitin Chrome.

Ku riƙa sauke manhaja daga Play Store, ku bar Play Protect a kunne.

Lambar sirrin asusun kuɗi, da lambobi shida da WhatsApp ke turowa, naku ne ku kaɗai. Ma'aikacinmu ba zai taɓa tambayar ku su ba. In kun riga kun rubuta su a wani shafi, ku canza nan take, ku sanar da kamfanin layin.

Idan memori ya dawo daga shago hotuna sun ɓace, kada ku yarda a wanke shi. Akwai cutar da ke ɓoye fayiloli ba tare da ta goge su ba. Ita ma manhajar riga-kafi takan killace abin da take zargi ne, ana iya dawo da shi. Kafin a wanke waya, a tabbata an kwafe hotunan takardu zuwa wani wuri.

Iyaye, ku yi wa yara wannan bayani, domin su suka fi riƙe waya. Wanda ya ga gargaɗin da bai fahimta ba, da Turanci ko da Faransanci, ya ɗauki hoton allon ya kawo ofishin kariya, za mu fassara masa. Wanda aka damfara ma ya zo. Za mu saurare shi cikin sirri, kuma rahotonsa zai kare maƙwabtansa. Matambayi ba ya ɓata.