Shaidu Biyu a Kan Ɓoyayyen Abu

Tun cikin 1933 wani masanin taurari, Fritz Zwicky, ya lura cewa ayarorin taurari da ke cikin taron Koma suna gudu fiye da yadda nauyinsu na bayyane zai iya riƙe su wuri ɗaya. Cikin shekarun 1970 Vera Rubin ta Amurka ta ƙarfafa wannan magana. Watau akwai wani abu mai nauyi wanda ba ya ba da haske, ya kuwa ninka duk abin da muke gani kamar sau 5. Misalinsa kamar mai awon gyaɗa ne a kasuwar Bici ya ɗora buhu ɗaya a kan sikeli, sai sikeli ya nuna nauyin buhu shida.

To, mene ne wannan abu? Wata ka'ida da ake kira sufasimetiri ta ce kowace ƙwayar halitta da muka sani tana da abokiyar tagwaitaka mai nauyi. Mafi sauƙin nauyi a cikinsu, nutiralino, ba ta lalacewa, ba ta kuma haske, saboda haka aka zaci ita ce ɓoyayyen abin.

Hanya biyu ake bi a gwada wannan zato. Ta fari ita ce kwanton ɓauna. A Dakota ta Kudu, cikin wani tsohon ramin haƙar zinariya mai zurfin kusan kilomita ɗaya da rabi, an ajiye tan 7 na ruwan zinon a tsakiyar na'urar LZ, ana jiran ƙwayar ta bugi zinon ya yi ƙyalli. Sakamakon 2022 da na 2024 duka ba su nuna ta ba.

Ta biyu tana CERN, kusa da Janiba. Can akwai wata ƙwaya mai suna Bs wadda ba ta daɗewa sai ta rushe ta zama waɗansu. Lissafin da aka saba da shi ya ce cikin rushewa biliyan ɗaya, kamar 3 ko 4 ne kaɗai za su ba da muwon biyu. In kuwa tagwayen nan suna nan, suna iya sa hannu a ɓoye su ƙara yawan. Ƙungiyar LHCb ta ga alamar farko cikin 2012, sa'an nan cikin 2015 ita da CMS suka tabbatar da ita. Adadin ya zo daidai da tsohon lissafi.

Ga inda hanyoyin suka haɗu. Ka'idar ta ce akwai waɗansu ƙwayoyin Higgs masu nauyi bayan wadda aka gano cikin 2012. Su ne za su iya ƙara yawan rushewar Bs, su ne kuma za su iya taimakon nutiralino ta bugi zinon. Saboda haka abin da aka auna a Janiba yana rage abin da ake sa rai a gani a Dakota, haka kuma na Dakota yake yi wa na Janiba.

Akawuna sun san cewa ba a yarda da lissafi sai littafi biyu sun dace. Ka'idar ba ta faɗi ba tukuna, amma filin da ya rage mata ya ƙuntata ƙwarai. Muna roƙon malamai su nuna wa almajiransu wannan: ko awo bai samo abin da ake nema ba, ya kawar da wuraren da ba sai an sāke dubawa ba.